Haƙoran Merle da Idon Nadine

A garinmu Marlow Ferry, nan bakin kogin Ohio, ko kare ka tare a hanya ka tambaye shi wane ne sarkin ƙyashi, zai ɗaga ƙafa ya nuna maka gidan Elwood Pasko. Kuma fa Elwood ba ƙyashin duniya yake yi ba. Attajiri mai jirgin sama bai dame shi ba, gwamna bai dame shi ba. Maƙwabcinsa ma da ya ci caca ya sayi kwalekwale mai inji, hannu ya ba shi ya taya shi murna da zuciya ɗaya. Mutum guda tak Allah ya jarabce shi da shi: ɗan gwaggonsa, Merle Hadlock.

Abin ya samo asali tun ba su san hagunsu da damansu ba. Iyayensu mata sun ɗauki ciki kusan tare, kakarsu kuwa ta zauna ta saƙa bargon jariri guda ɗaya, ta ce wanda ya fara faɗowa shi ke da shi. Merle ya riga. Tsofaffin danginsu sun rantse cewa kukan da Elwood ya tsala ranar da aka haife shi har a ƙetaren kogi an ji, kuma ba kukan yunwa ba ne, labarin bargon ne ya riske shi tun yana ciki.

Daga nan aka ɗora. Keken Merle da ƙararrawa, na Elwood sai dai ya yi da baki. Merle ya karye a hannu aka naɗa masa farin filasta, 'yan matan makaranta suka yi layi suna rubuta sunayensu a jiki. Elwood ya kwashe hutun bazara yana faɗowa daga bishiyar tuffa da gangan, ƙashinsa ya ƙi karyewa. Da suka girma, Elwood ya shiga masana'antar kwalba, ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin tanderu, inda zafi ke sa mutum ya ji ƙanshin gasuwar kansa. Merle kuwa ya ɗaura laktaye ya koma sayar da motocin gwanjo a ofis mai sanyi, yana yaudarar jama'a da murmushi.

Wuri ɗaya Elwood ya yi wa Merle fintinkau, shi ne wajen aure. Ya samu Nadine, mace mai haƙurin dutse da bakin reza, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ba a kuma taɓa jin ta faɗi magana ta tashi a banza ba. Kowa a gari ya san ya dace. Shi kaɗai ne bai lura ba, don kek ɗin bikin Merle ya fi nasa hawa ɗaya.

Da ƙarfi ya ƙare, masana'antar ma ta rufe, abin da ya rage wa tsofaffin ma'aikata shi ne abin da ƙungiyar ƙwadago ta ƙwato musu da yajin aiki: inshorar lafiya ta 'yan fansho, su da matansu. Katin fari ne fat, ba hoto ba ado, ka ce daga kwalin sabulu aka yanko shi. Ba ya ba ka kyautar ko tsinken sakace. Amma duk likitan da ka ga dama ka je, zai karɓe shi. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma a kowane taron shekara sai matar ofishin ƙungiya ta miƙe ta maimaita shi kamar mai wa'azi: wanda ya fita ba ya dawowa, kuma wanda ya fita, to da matarsa ya fita. Elwood ya sha jin wannan magana, galibi tsakanin gyangyaɗi da gyangyaɗi.

Katin nan shi ke riƙe da idon Nadine. Na hagu ya daɗe da dushewa, sai inuwa-inuwa. Na dama ma ciwon ya fara ci, sai Allah ya haɗa ta da Likita Menon, wata 'yar siririyar mata da ke da ɗakin duba marasa lafiya a bayan kasuwa. Kowane wata sai ta yi mata allura a cikin ƙwayar idon, kuma ta gaya mata gaskiya tun farko: in aka yi ta tsallake wata, abin da ya tafi ya tafi. Da idon nan guda Nadine ke ɗinkin barguna, da shi take karanta waƙa a coci, da shi kuma take harar Elwood, aikin da ko mai ido huɗu sai ya gaji.

To, sai kaka ta shigo, ganye ya fara zuba. Lokacin ne kamfanonin inshora ke fitowa zawarcin tsofaffi. Duk shekara ba mai tuna da kai, amma in kaka ta yi sai ka zama amarya. Waya ba ta hutawa, talabijin ba ya hutawa, ko'ina hoton tsoho da tsohuwa ne suna gudu a bakin teku suna dariya, kamar ba su taɓa jin labarin ciwon gwiwa ba.

A irin wannan safiyar ce Elwood yana zaune a gidan cin abinci na bakin gada, inda tsofaffin gari ke haɗuwa shan kofi da gulma, sai ga Merle ya turo ƙofa. Tsayawa kawai ya yi ya buɗe baki.

Jama'a, haske! Mai kawo abinci sai da ta kare fuska da faranti. Haƙora ne jere reras, farare tas, manya, irin waɗanda in doki ya gani zai sunkuyar da kai don kunya. Bakin da a makon jiya ya yi kama da garin da aka ci da yaƙi, yau ya koma sabon banɗakin otal.

"Ƙaramin," in ji Merle, don haka yake kiran Elwood tun suna yara, "matsa mini in zauna. Kawo mini gasasshen nama, 'yata, mai tauri. Wanda ya fi kowanne tauri."

Elwood ya dubi kwanon kununsa na alkama. Haƙoransa na gaske ne, amma sun zama kamar 'yan coci ranar Laraba, ɗaya nan ɗaya can.

"Gawar wa ka tona?" ya tambaya.

"Kamfanin Tsuntsu, ɗan Kawu. Kyauta." Haka mutane ke kiran kamfanin, saboda tsuntsun da ke jikin tambarinsa. Merle ya zaro kati mai sheƙi, shuɗi, ya ajiye a tebur kamar mai buga karta. "Haƙori kyauta. Gidan motsa jiki kyauta, har da tafkin ruwan ɗumi. Ga kuma katin sayen 'ya'yan itace. Ayaba nake ci yanzu har biri ya fara kai ƙarata."

"Kai da ko matakalar coci sai ka huta sau biyu, me za ka yi da gidan motsa jiki?"

"Zama nake yi a ruwan ɗumi ina kallon mutane. Shi ma motsa ido ne." Ya zaro waya ya matso da ita hancin Elwood. "Ka ga wannan? Duk likitocinsu an auna su, an ba kowa taurari gwargwadon iyawarsa. Ga nawa nan. Ƙirga."

Elwood bai so ƙirgawa ba, amma idonsa ya ci amanarsa. Biyar.

"Asibitina ma biyar. Ni yanzu ko tari na yi, tarin taurari biyar ne. Ina sunan 'yar likitar nan ta Nadine? Bari mu ga nata."

Aka rubuta sunan Likita Menon. Wayar ta yi tunani, ta yi tunani, ta ce babu.

"Af!" Merle ya kama baki, amma ya bar 'yar kafa don haƙoran su leƙo. "Ko tauraro ɗaya babu, Ƙaramin. Ko ɓarin tauraro. Sararin samaniyarku duhu ne ƙirin."

Teburin ya kwashe da dariya. Elwood ya tashi bai gama kunun ba.

Ranar nan Nadine ta ga ta kanta. Ya shigo yana huci, ya tsaya mata a ka tana ɗinki.

"Kin san likitarki ba ta da tauraro ko ɗaya?"

"Ba sararin sama nake zuwa nema wurinta ba, tsohon nan. Allura nake zuwa."

"Na Merle biyar gare shi."

"To Merle ya je ya sa masa allura a ido mana, mu ga ko zai tsaya." Ta ciji zare. "Elwood, na san wannan fuskar. Ita ka yi ranar da ya sayi injin yankan ciyawa na hawa, muka yi shekara muna biyan wanda ya fi nasa, alhali filinmu bai kai tabarma biyu ba. Ka saurare ni da kyau. Ka yi ƙyashin motarsa, ka yi na rufin gidansa, har na jikokinsa in kana so. Amma katin nan kada ka taɓa shi. In ka fita, da ni ka fita."

"Wa ya ce zan fita?"

"Fuskarka."

Kwanakin da suka biyo baya, duk inda ya juya haƙoran Merle ne. A coci Merle ya koma layin gaba yana waƙa da baki a wage, har mai wa'azi ya riƙa ɓata layi. A kanti ya tarar da shi yana gatsar tuffa a gaban mutane, ƙarar kamar ana sare itace. Elwood ya rame. Wandonsa ya fara zamewa. In ya rufe ido haƙora yake gani suna shawagi, kowanne da taurarinsa biyar a ka.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum yana aske gemu. Fita aka hana. To shi wa ya ce zai fita? Zai bar farin katin a aljihun hagu, ya karɓo shuɗin ya sa a na dama. Nadine ta ci gaba da allurarta, shi kuma ya samu haƙora. Wa zai gaya wa wani? Ya dubi kansa a madubi ya ce da ma karatu ya yi nisa, da yanzu shi ke mulkin jihar nan.

Kamfanin Tsuntsu ya kira tsofaffi karin kumallo kyauta a gidan abincin bakin gada. Elwood ya ce wa Nadine zai je duba tayar mota. Ya tarar da wuri cike, fanke tuli-tuli, ƙwai, kofi kamar kogi. Wata budurwa mai suna Shawna, wakiliyar kamfanin, tana zagayawa tana kiran kowane tsoho "saurayi", tsofaffi na ta gyara kwalar riga. Merle na gefe ya harɗe, an mai da shi abin nuni, duk wanda ya yi shakka sai a ce masa ya yi murmushi.

Da layi ya zo kan Elwood, Shawna ta zauna kusa da shi da 'yar na'urarta.

"Saurayi, kafin mu fara, kana da wata inshorar daga tsohon wurin aikinka? Ta ƙungiya ko makamancinta? Yana da muhimmanci in sani."

Elwood ya saci kallon Merle. Merle na kallonsa, haƙora a waje.

"Ni? Ba ni da komai, 'yata. Maraya ne ni."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda na tabbata wancan mutumin ba da haƙoran nan aka haife shi ba."

Ta yi dariya, ta miƙo na'urar, ya sa hannu da yatsa. Ta ce daga ranar farko ta sabuwar shekara ya zama ɗan gida. Ya fito yana tafiya kamar wanda ya sayi gadar da kogin gaba ɗaya. Ya yi niyyar riƙe sirrin har sai ya shigo gida da sababbin haƙora. Amma ciki da ƙyashi ya cika ba ya riƙe sirri, kamar yadda kwando ba ya riƙe ruwa.

Ranar Godiya, bikin ci da sha da ake yi a ƙarshen kaka, dangi suka taru a gidan Merle, kamar kowace shekara, don teburinsa ya fi tsawo, abin da Elwood bai taɓa yafewa ba. Ga talotalo kamar ɗan maraƙi, ga kirɓaɓɓen dankali, ga kek ɗin kabewa. Merle ya ɗauki cinya ya riƙa yagarta a hankali yana kallon Elwood.

"Glenda," ya ce wa matarsa, "ki murƙushe wa Ƙaramin nasa naman, ki sa masa romo. Kada mu kashe baƙo."

Nan fa igiya ta tsinke. Elwood ya buga cokali a kofi ya miƙe.

"Ci da kyau, ɗan Gwaggo, don mulkinka ya kusa ƙarewa. Ni ma na shiga Tsuntsu. Sabuwar shekara da makonni kaɗan, za mu tsaya ni da kai a gaban madubi, jama'a su yi alƙalanci."

Ya jira tafi. Ba wanda ya tafa. Glenda, wadda ta tsufa tana aikin karɓar marasa lafiya a wani ɗan asibiti kafin ta huta, ta ajiye ludayi a hankali.

"Ka bar na ƙungiya ke nan?"

"Ina! Nan ne wayon yake." Ya daki aljihun hagu, ya daki na dama. "Biyu zan riƙe."

"Elwood, taura biyu ba ta taunuwa, ko da haƙoran Merle ne. Kai kana tsammani ba sa magana da juna? Na'urorinsu sun fi matan coci gulma. Ranar da shuɗin ya fara aiki, ranar farin zai mutu da kansa, ba sai ka ce ka fita ba. Kai da Nadine duka."

"To... to sai ita ma ta shigo Tsuntsu. Ta samu likita mai taurari, ta huta da wadda ko suna ba ta da shi a waya."

Glenda ta dafe kai. "Wayyo ni. Wa ya gaya maka rashin iyawa ne ya hana sunanta fitowa? Likitocinsu kaɗai suke jerawa su ba taurari. In ba ka ga suna ba, ma'anarsa ba sa biyan wannan likitan, shi ke nan. Mai allurar idonsu yana can birnin Columbus, uwa duniya. Ƙanwata ta nemi ganinsa ana sanyi, sai da furanni suka fito aka kira ta."

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin kitsen talotalo na daskarewa. Wani tsohon kawu da ake zaton barci yake yi ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Garin neman gira," ya mayar ya rufe.

Kowa ya juya wajen Nadine. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta goge bakinta, ta ninke tsumman, ta ce, "Glenda, abinci ya yi daɗi. Elwood, ɗauko mini rigar sanyina." A mota ba ta ce uffan ba. Elwood ya ce da ma zaginsa ta yi, da ma da faranti ta jefe shi. Shirun Nadine ya fi tanderun masana'anta zafi, shi kuwa ya san tanderu.

Sai da suka tsaya a ƙofar gida ta yi magana. "Glenda ta raɗa mini cewa tunda shekara ba ta juya ba, ana iya sokewa. Ranar Litinin za ka kira su. A gabana."

Litinin da hantsi suka zauna a teburin kicin, waya a tsakiya an buɗe muryarta, Nadine da ɗinkinta a cinya. Aka sa musu kiɗa. Aka yi ta kiɗa. Elwood ya rantse gemunsa ya tsiro ya yi fari a zaman nan. Can wata murya mai zaƙi kamar zuma ta ɗauka, ya faɗi buƙatarsa, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, bari ta haɗa shi da wani. Wanin ya haɗa shi da wata. Ta ƙarshen, da jin muryarta ka san ita ce aka ajiye don irin wannan rana.

"Yallaɓai Pasko, kafin mu rabu, ka san ka cancanci matakinmu na Zinariya? Ba kowa muke gaya wa ba."

"Ni sokewa na..."

"Haƙoran wannan matakin ba irin na cirewa ba ne a jiƙa a kofi kafin a kwanta. Dasa su ake yi a ƙashi. Naka ne har abada. Kana iya fasa goro da su."

Elwood ya matso da kunne kusa da wayar. A kofi! Ashe haƙoran Merle a kofi suke kwana!

"Akwai kuma mota da direba, ta zo har ƙofar gida ta kai ka asibiti ta dawo da kai."

"Baƙar mota?" Muryarsa ta fito siririya.

"Yawanci baƙa ce, yallaɓai."

"Shi... akwai wani Merle Hadlock a nan garin. Yana da wannan?"

"Ba ni da izinin faɗin sirrin wani, yallaɓai. Amma zan iya ce maka a yankinku 'yan ƙalilan ne suka taka wannan matakin."

Nan Elwood ya gani, ƙarara kamar a majigi. Baƙar mota ta tsaya a gaban gidan abincin bakin gada. Direba ya zagayo ya buɗe ƙofa. Shi ya fito a hankali, ya tsaya, ya buɗe baki. Merle na bayan gilashi da haƙoransa na kofi, cokali ya faɗi daga hannunsa. Bargon kaka, ƙararrawar keke, farin filasta, hawan kek, duk a biya shi a safiya ɗaya. Tun yana zanen goyo yake jiran wannan rana, ga ta an miƙo masa ta waya, abin da ya rage kawai ya ce to.

Ya yi shiru. Kofin gabansa ya huce. Wani kurege ya hau bishiyar waje ya sauko, ya yi aure ya hayayyafa. Nadine ba ta ɗago ba. Zare take ƙoƙarin zurawa a allura, ta karkatar da kai gefe guda yadda mai ido ɗaya ke yi, ta kawo allurar dab da fuskarta. Ta kuskure. Ta lashi zaren ta sake. Ta kuskure. A na ukun ya shiga.

"Yallaɓai? Kana nan?"

"Ina nan." Ya yi gyaran murya. "A Zinariyar nan taku, akwai Likita Menon? Mai ido, ta bayan kasuwa."

Aka ji ƙwas-ƙwas na na'ura. "Ba ta cikin likitocinmu, yallaɓai. Amma muna da ƙwararre mai taurari biyar a..."

"A soke."

"Yallaɓai, ka yi tunani..."

"'Yata, in na ƙara tunani zan karɓa. Ki soke tun bakina na iya faɗa."

Aka soke. Ya kira ofishin ƙungiya, matar nan mai wa'azi ta duba ta ce farin katin na nan da ransa, sannan ta wanke shi tas, ta ce daga bana a layin gaba zai riƙa zama a taro, kuma in ya yi gyangyaɗi da ruwan sanyi za ta tashe shi. Ya ce ya ji. Ya ajiye waya ya shiga gareji ya zauna a kan injin yankan ciyawarsa, ya daɗe yana kallon bango kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

Kwana biyu bai leƙa bakin gada ba. Da ya je, teburin tsofaffi ya shirya masa. Merle ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ga mai kati biyu! Yaya aljihun dama, Ƙaramin? An ce ya yi ɓari."

Elwood ya zauna, ya sa aka kawo masa kununsa. Bai yi niyyar komai ba, baƙin ciki ne kawai ya turo maganar.

"Ba ka san abin da na bari ba, Merle. Zinariya suka ba ni. Har roƙona matar ta yi."

"Wace zinariya?"

"Matakin sama. Mai baƙar mota da direba. Mai haƙoran da ake dasawa a ƙashi, ba irin waɗanda..." Ya tsaya. Ya ɗago. Ya ga abin da bai taɓa gani ba tunda uwarsa ta haife shi: leɓen Merle na sama yana saukowa a hankali, kamar ƙofar kanti in an tashi, har ya rufe haƙoran ruf.

"Akwai wani mataki sama da nawa?"

"Au, ba su gaya maka ba?" Elwood ya ji wani ɗumi na ratsa shi tun daga tafin ƙafa. "To, ta dai ce ba kowa suke gaya wa ba. Sai wanda ya cancanta. Naka a kofi suke kwana, ko? Wane irin kofi? Na shayi, ko Glenda ta ware maka na musamman?"

Teburin ya fashe. Wani har ya ƙware. Merle ya ture farantin fankensa bai ci rabi ba, ya ce yana da uzuri, ya fita yana latsa waya. Elwood ya shanye kununsa tas, ya nemi ƙari, ya ce bai taɓa sanin suna iya dama kunu haka ba.

Bayan sabuwar shekara, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari, ya kai Nadine wurin Likita Menon. Aka karɓi farin katin ba tare da ko kallonsa ba. Ta fito da auduga manne a idon, ya riƙo hannunta har mota, ya gyara mata bel, ya kunna mata ɗumi. Sun hau titi yana ta fito.

"Elwood."

"Na'am, uwargida."

"Na ji shirun nan da ka yi a waya."

Fiton ya tsaya. "Wane shiru? Tunani nake yadda zan ƙi cikin ladabi."

"Ido ɗaya gare ni, tsohon nan, amma kunnuwana biyu ne, kuma duka suna aiki. Sau uku na zura zare kafin ka tuna da ni."

Ya tuƙa har suka wuce kasuwa. Kunnuwansa sun yi ja.

"Amma dai na tuna," ya ce a hankali.

"Ka tuna." Ta jingina kai da kujera. "Shi ya sa har yanzu ake dama maka kunu."

Suka ɗan yi tafiya. Ya saci kallonta, ya ga bakinta ya ɗan saki, sai ƙarfinsa ya dawo.

"Amma Nadine, da kin ga fuskar Merle ranar nan!"

"Ban gani ba. Ba na wurin."

"To ai shi ya sa nake so idon nan ya zauna lafiya. Har yau bai dawo daidai ba, da baki a rufe yake waƙa. Ranar Lahadi in an cire audugar, ki zauna ta ɓangaren hanya ki kalle shi da kyau, ki gaya mini in ƙarya nake yi."

Nadine ta ja numfashi mai tsawo.

"Ka wuce kwanar gidanmu," ta ce.